Shahunan da Shadliya Ta Riga Kowa Gani

Shekara talatin da huɗu Shadliya ta yi tana wankau da guga a garin Binzart na bakin teku, kuma duk tsawon shekarun nan, wanda ya hau matakala sittin da takwas ya iso ƙofarta, to zanen gado ya kawo ko ya zo karɓa. Ɗakuna biyu gare ta a ƙolin wani tsohon bene mai hawa huɗu, bayan tsohuwar tashar jiragen ruwa. Rufin benen ya zama nata tun da sauran mutanen gidan suka sayi injin wanki suka daina hawa, nan ta ɗaura igiyoyin shanyarta layi tara. Ƙananan masaukan baƙi na bakin ruwa su ke aiko mata da aiki. 'Yan unguwa na ce mata Halti Shadliya, wato Inna Shadliya, su gaishe ta da ladabi su wuce, ba mai tsayawa hira da ita, ita ma ba ta nema ba. Doguwa ce siririya, mai ƙarancin magana, hannuwanta sun yi kanta saboda ruwa da sabulu.

Mijinta Hamadi makanikin injinan jiragen masunta ne, amma rabin hankalinsa yana kan tantabaru. Ya gina musu akurki a kusurwar rufin, yana sanin kowace da kamanninta. Shekara goma sha biyu da suka wuce, wasu shahuna biyu suka zo suka tare a hasumiyar tsohon kamfanin fulawa da ke tsallaken titi, wanda aka daɗe da rufewa. Cikin sati biyu suka ɗauke masa tantabara huɗu, har da wani farin namiji da ya ƙi sayarwa ko nawa aka taya. Hamadi ya yi zagi, ya buga murfin tukunya, ya kafa tsumma a sanda, duk a banza. Ƙarshe dai ya ɗora wa matarsa gadi: tunda wuni take a rufin, ta riƙa sa ido, da ta ga ɓarayin sun taso ta yi ihu.

Da gadi ta fara. Tana shanya tana ɗaga kai, har ta gane ta macen ta fi namijin girma nesa ba kusa ba, ta gane ba sa ɗinka sheƙa irin ta sauran tsuntsaye, tsakuwa kawai suke tonewa a wani lungu ƙarƙashin tagar hasumiyar su zuba ƙwai. Ta san kukan yunwa, ta san na faɗa. Ta macen, mai zama ƙiƙam tana kallon gari kamar ita ta gina shi, ta sa mata Lalla, wato uwargida. Namijin da kullum yake kai da kawo da abinci a ƙafa, ya miƙa a fizge ba ko godiya, ta sa masa Ɗan Aike. Sau da yawa takan ga Lalla ta dunƙule fukafukai ta faɗo daga sama kamar an jefo dutse, sai kallo ya ɗauke mata hankali ta manta da ihun. Hamadi ya dawo ya ƙirga ya ga ɗaya ta ɓace, ta ce tana ɗaki tana guga.

Da Hamadi ya rasu, ta raba tantabarun wa abokansa, ta wanke akurkin ta rufe. Babu sauran abin gadi, amma ta tarar wuyanta ya saba da ɗagawa.

Mutum ɗaya take ba labarin shahunan, ita ce Duja, ƙanwar Hamadi, wadda ke zaune a hawa na biyu. Duja mai surfanin kayan amare ce, gajeriya mai jiki, mai haƙorin zinariya, ga baki ga dariya, ɗakinta ba ya rabuwa da mata. Gwiwa ta dame ta, rabonta da rufin tun sadakar bakwai ta wanta. Da la'asar Shadliya kan sauko su sha shayi, ta ce yau Lalla ta kwanta kan ƙwai, ko yau Ɗan Aike ya kawo abu an ƙi karɓa. Duja takan yi hamma, allura a baki, ta ce, "Matar Yaya, ki ƙyale ni da labarin ɓarayin nan. Ba su suka sa wa Yaya hawan jini ba?"

Haka aka yi ta tafiya har wata safiya ƙarshen sanyi, da wata mata mai tabarau ta hawo tana haki, ba zanen gado a hannunta. Ta ce sunanta Intisar, daga ɗan gidan tarihin unguwa take, wanda ke cikin tsohon gidan alƙali. Bana suna so su yi wani aiki tare da mutanen unguwa a kan shahunan hasumiya, an kuma ce musu babu inda ake hango lungun da suke kwanci kamar wannan rufin. Ko Halti za ta yarda su riƙa kafa madubin hangen nesa ranar Asabar? Ta tambaya kuma, don dai kada a yi shiru, ko Halti ta taɓa lura da tsuntsayen.

Shadliya ta ajiye kwandon wanki. Ta yi magana kusan awa biyu, abin da ba ta yi a shekara. Intisar ta kifa bokiti ta zauna a kai, ta ciro littafi tana rubutawa, biro ya ƙare ta ciro wani. Da za ta sauka ta riƙe hannun Shadliya da hannu biyu ta ce ba ta taɓa zaton akwai mai wannan sani a unguwar ba. Ranar Shadliya ta ci abincin rana a tsaye, ta kasa zama.

Sati huɗun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ta yi tun rasuwar mijinta. Kowace Asabar mutane na hawowa, malaman makaranta, masunta da suka yi ritaya, matan da ta yi shekaru tana wanke musu labule ba su san launin idonta ba. Akwai wani Si Lutfi, wato Malam Lutfi, dattijo daga ƙungiyar masu kula da tsuntsaye, shi ke saita madubin yana bayani. Ran nan ya duba littafinsa ya ce sauran kwana shida a yi ƙyanƙyasa. Shadliya daga bayan igiyar shanya ta ce jibi ne, don Lalla ta fara tashi tana leƙa ƙarƙashinta tana karkata kai. Jibin kuwa aka ƙyanƙyashe na fari. Si Lutfi ya cire hularsa a gaban mutane ya ce daga yau shi ɗalibi ne. Da kowa ya sauka ta maimaita wa kanta maganar ya fi sau goma.

Sai aka zo kan aikin da kansa. Intisar ta tara matan unguwa a tsakar gidan tarihin ta ce za a ɗinka ƙaton ƙyalle mai tsawon taku takwas, a yi masa surfanin rayuwar shahunan daga ƙwai har tashi, kowace mace ta sa hannunta, a rataye shi a babban zaure. Shadliya ta je da sabon mayafi. Aka miƙa mata allura da zare, ta yi ta fama, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa, ramin allurar ya ƙi ganuwa. Wata ta karɓa ta zura mata, ta yi ɗinki uku, duk suka karkace. Intisar cikin tausayi ta ce ai akwai buƙatar mai goge ƙyallayen kafin a haɗa, kuma wa ya kai Halti guga? Aka kai ta lungu aka ba ta dutsen guga.

Daga lungun take kallon Duja. Ita Duja tasi aka ɗauko mata saboda gwiwa, aka sa mata kujera mai taushi a tsakiya. Kafin a tashi ranar farko ta zama shugaba ba tare da an zaɓe ta ba. Ita ke raba zare, ita ke cewa wannan ruwan tokar ya yi duhu, ita ke warware ɗinkin wasu tana ba su dariya har su manta an warware. Ta kalli hoton Lalla a wayar Intisar sau ɗaya, ta zana kan da alli, ta cika shi da zare cikin kwana biyu, ido ya fito kamar zai ƙifta. Mata suka yi ta salati. Shadliya ta zo wucewa ta kalla, ta ga lallai Lalla ce, har baƙin gashin nan da ya sauko gefen baki, sai ta koma ga dutsen gugarta. Sau biyu ta je, ba ta sake komawa ba. Ta ce aiki ya yi mata yawa.

Wata ranar Laraba tana guga, rediyo na magana a kan taga, sai ta ji dariyar da ta sani. Duja ce ake hira da ita a shirin safe. Mai tambayar ya ce da ita Lalla Duja, uwar shahunan Binzart. Duja ta ce a'a, ita wa, ita dai mai allura ce. Sannan ta gyara murya ta ce ta macen suna ce mata Lalla don ƙasaitarta, namijin kuwa Ɗan Aike, tunda bawan Allah kullum yana hanya, ya kawo a fizge ba ko godiya. Mai tambayar ya yi dariya har da tari. Ta ba da labarin farin tantabaran wanta, ta ba da na shekarar da ƙanƙara ta fasa ƙwai biyu Lalla ta yi kwana uku tana kwance kan ɓawo. Duk yadda Shadliya ta faɗa mata a bakin shayi, har inda take tsayawa ta ja numfashi, sai dai a bakin Duja ya fi daɗi. Ashe duk hammar nan tana ji.

Ƙaurin da ta ji ne ya dawo da ita. Zanen gadon ya ƙone, shatin dutsen guga ya fito sak a tsakiya. Rabon da ta ƙona kayan mutane tun tana amarya.

Washegari a kasuwa mai kifi yana nannaɗe mata sardin ya ce, ashe ƙanwar mijinki haka ta san tsuntsu? Mai burodi ya ce matarsa ta yi kuka da labarin ƙanƙara. Wata mata ta tsayar da ita ta ce don Allah ta gaida Lalla Duja mai shahuna. Shadliya ta hau hawa na biyu da kifinta a hannu, ta tarar da Duja ita kaɗai tana zare.

Ta ce, "Na ji ki a rediyo."

"Kin ji? Muryata ba ta yi kauri ba? Mura nake."

"Wa ya sa musu suna?"

Duja ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. "To na ce ni na sa? Cewa na yi muna ce mata. Ni da ke ba gida ɗaya ba ne?"

"Kin taɓa ganinsu da idonki?"

"Na gan su a wayar Intisar, sun ma fi fitowa. Haba matar Yaya, da ke aka kai gaban abin maganar nan, me za ki ce? Eh da a'a za ki yi ta yi har lokaci ya ƙare. Zauna in zuba miki shayi."

Abin da ya fi ƙona Shadliya shi ne maganar gaskiya ce. Ta juya ta hau sama ba ta sha shayin ba.

Ranar Asabar mutane suka hawo suka tarar da kwaɗo a ƙofar rufin. Shadliya ta leƙo ta gaya wa Intisar rufin ya fara tsagewa, ba zai ɗauki jama'a ba. Intisar ta dube ta ɗan lokaci, ta ce ba komai Halti, Allah ya kiyaye. Shadliya ta zaci shi ke nan, abin zai watse, tsuntsayenta su dawo mata. Sai Si Lutfi ya kafa madubin a bakin titi gaban gidan gahawa. Daga nan ba a ganin cikin lungun, amma 'ya'yan uku sun yi girma, suna fitowa baki suna miƙa wuya. Kuma tunda babu matakala, waɗanda ba su iya hawa duk suka fito. Jama'a ta ninka ta da sau uku. Mai gahawa ya ƙaro kujeru. Duja ta sauko hawa biyunta da sanda, aka sa mata kujera gindin madubin, tana surfani tana bayani, wanda bai ji ba ya matso.

Shadliya na can sama tsakanin zannuwa, ita kaɗai da kallon da ya fi na kowa kyau, amma rabin lokacin ƙasa take leƙawa. Takan ga hannun Duja na nuna hasumiya, ta ji dariya ta taso, ta yi ta ƙoƙarin gane wane labarin nata ne aka kai. Wani lokacin Lalla ta kawo abinci ta raba wa 'ya'yan ta tashi, Shadliya ba ta gani ba.

A tsakiyar watan Mayu aka wayi gari da iska mai ƙarfi daga teku. Shadliya ta fito da hantsi don ta ƙara wa shanya maƙalai, sai ta ga wani zane a ƙasa yana motsi. Ta ɗaga gefensa. Ɗan shaho ne, ƙaramin cikin ukun, mai ruwan ƙasa da zane-zane a ƙirji, sauran farin gashin jarirai a kansa. Ya gwada tashin fari iska ta kwaso shi. Ya kwanta da baya ya ɗaga ƙafafu, ya buɗe baki yana huci.

Ta san abin da ake yi, Si Lutfi ya faɗa ya maimaita: a rufe shi da tawul, a sa a kwali, a kira shi nan take. Ta rufe shi da tawul ɗin. Da ta ɗauka ta ji zuciyarsa na bugawa a tafin hannunta, farcensa ya huda tawul ya shige mata yatsa, ba ta ko ji zafi ba. Shekara goma sha biyu tana kallo daga tsallaken titi, yau ga shi a hannunta, da ɗuminsa. Ta tsaya, ta dubi ƙofar matakala. Sannan ta juya ta buɗe tsohon akurkin Hamadi ta sa shi ciki, ta ja ƙyauren. A ranta ta ce zuwa azahar kawai.

Kafin azahar ƙasa ta rikice. An ƙirga 'ya'ya an ga biyu. Daga sama tana ganin Si Lutfi yana leƙa ƙarƙashin motoci, Intisar na shiga lungu tana fita, masu shaguna sun bar shagunansu suna duba bayan kwandunan shara, ana cewa kada kyanwa ta riga su. Duja na kan kujerarta tana share hawaye da gefen mayafi, mata sun kewaye ta suna ba ta haƙuri. Shadliya ta ce a ranta, har kukan ma ita za a yi wa jaje. Wannan ya sa ta ƙara wa kanta lokaci zuwa la'asar. Ta sauka ta ƙofar baya ta sayo hantar kaza, ta yayyanka ta tura masa a murfin kwalba. Bai ko kalla ba. Ya maƙale a kusurwa, da ta matso sai ya yi huci.

Lalla kuwa ta gano inda yake. Ta wuni tana kewaya rufin tana wani kuka da Shadliya ba ta taɓa ji ba, sau biyu ta kawo sura har iskar fukafukinta ta taɓa mata ɗankwali. Mutanen ƙasa suka ɗauka neman ɗanta take ko'ina. La'asar ta yi, magariba ta yi, Shadliya ba ta sauka ta faɗa ba, don yanzu ban da son riƙe shi akwai kunyar abin da za ta ce.

Da gari ya waye ta buɗe akurkin ta ga hantar ta bushe, ƙudaje na bi. Tsuntsun ya daina huci. Ya saki fukafuki ɗaya, idonsa na lumshewa. Ta miƙe da sauri don neman taimako. Ba ta da lambar Si Lutfi, takardar da ya ba ta ta jefa a shara ranar da ta sa kwaɗo. Mutum ɗaya ne a gidan ke da ita.

Duja na karin kumallo da burodi da man zaitun. Shadliya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Duja ta kira Si Lutfi, ɗan shahon yana sama. Duja ta yi hamdala ta jawo waya, sai ta tsaya, ta dubi yatsan da aka ɗaure da tsumma, ta dubi fuskar matar wanta.

"Tun yaushe?"

Shadliya ta ɓoye yatsan cikin mayafi. Duja ta kira, ta ajiye wayar, ta jawo sandarta. Ta ce yau sai ta hau, ko gwiwar za ta tsinke. Suka hau tare, Duja na tsayawa kowane taku biyar tana kiran sunan Allah tana zagin wanda ya gina benen, Shadliya na riƙe da ita ta hammata. Da suka isa Duja ta durƙusa da ƙyar gaban akurkin ta leƙa. Can ta ce ashe haka idonsa yake, ita ta yi nata da baƙin zare zalla.

Si Lutfi da Intisar suka iso da gudu. Kafin a tambaya Duja ta karɓe zancen, ta ce yanzun nan da safe matar Yaya ta tsince shi cikin shanya, Allah ya sa tana da hankali ta sa shi a akurki. Ta faɗa sumul, har da yadda iska ta yi. Shadliya na tsaye tana ji. Ta san rufa mata asiri ake yi, ta san ya kamata ta gode. Amma ga Duja kuma tana ba da labarin da ba ta gani ba, kuma ana gyaɗa mata kai.

Ta ce, "Ba haka aka yi ba. Tun jiya da hantsi yake nan. Ina ganinku kuna nema. Ni na ɓoye shi."

Duja ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki." Si Lutfi ya ɗaure fuska. Ya ciro tsuntsun, ya shafa ƙirjinsa, ya buɗe fukafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga masa ruwa a baki da sirinji. Ya ce babu karaya, ƙishirwa ce da tsoro, amma da an ƙara wuni ɗaya da sai dai a binne. Wannan ya faɗa yana kallon tsuntsun, ba ita ba. Ya sa masa zobe a ƙafa, ya ɗora shi kan tankin ruwa, ya ce kowa ya shige ciki a bar rufin. Ta tagar ɗakin Shadliya su huɗu suka ga Lalla ta sauko da rabin tantabara. Bayan kwana biyu ɗan ya tashi da kansa ya koma hasumiya.

Labarin ɓoyon bai fita ba, su ukun ba wanda ya faɗa. Abin da ya fita a jaridar gari shi ne an ceto ɗan shaho a rufin gidan su Lalla Duja, da hoton Duja riƙe da tawul ɗin. Si Lutfi ya yi wata biyu yana gaida Shadliya da ka kawai. Ita kuma ta cire kwaɗon, amma lokacin ya wuce, 'ya'yan sun tashi, ba mai sauran dalilin hawa.

Ranar buɗe baje kolin ƙyallen Shadliya ta je, ta tsaya can baya. Ƙyallen ya cika bango guda, kuma ko ita ba ta iya cewa bai yi kyau ba. Ga teku, ga hasumiya, ga Lalla ta dunƙule tana faɗowa. A gefe an rubuta sunayen mata ashirin da uku, nata na goma sha tara. An sa hoton Duja babba a bakin ƙofa. Intisar a jawabinta ta ambaci Halti Shadliya, ta ce ita ce idon wannan aiki, aka yi tafi kaɗan, wasu suka waiga suna neman wace ce. Da aka kira Duja zauren ya ɗauka.

Bayan jawabai Duja ta jawo ta ta kai ta ƙarshen ƙyallen ta nuna mata wani wuri a kusurwa: rufi, igiyoyi, fararen zannuwa, da wata mata ta ba da baya ta ɗaga kai. Ta ce kwana tara ta yi a kan wannan, ba ta bar kowa ya taɓa ba. Shadliya ta duba da kyau. Ta ce an yi ta gajeriya. Sannan ta matsa tsakiya, inda manyan baƙi ke tsaye, ta sa yatsa kan wata sheƙar ciyawa da aka yi wa ado da zaren zinariya, ƙwai uku a ciki, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, shaho ba ya sheƙa, kan tsakuwa yake kwanci. Duja daga inda take ta ce tsakuwa ba ta kyau a zare. Aka yi dariya, kuma Shadliya ta san ba ita ta ci ba.

Da sanyi ya sake wucewa ta fara duban lungun ƙarƙashin taga. Shahunan suna nan cikin gari, tana ganinsu suna shawagi, amma lungun wayam. Kwana tara tana dubawa, abinci ya daina shiga. A na goma Duja ta ƙwala mata kira ta ramin matakala, ta ce ta sauko ta ga wani abu. Ta kai ta kicin, ta ture tukwane daga bakin wata 'yar taga da ke kallon tsakanin gine-gine biyu. Ta wannan tsagin ana hango ɗaya gefen hasumiyar, wanda ba a gani daga rufin ko an yi ɗage. Ga Lalla kwance a wani sabon lungu, iska na ɗaga mata gashin ƙirji.

Duja ta ce, "Kin gani? Sun gaji da ke, sun dawo wajena."

Tun daga ranar Shadliya ke gama shanya da wuri ta sauko da 'yar kujerarta. Tagar ba ta ɗaukar kai biyu, sai an yi karɓa-karɓa, kuma kullum sai sun yi musu a kan wadda ta fi daɗewa. In mata suka zo kawo ɗinki Duja takan ce su shigo su ga shahunanta, Shadliya ta matsa gefe ta ba su wuri. Wata safiya cikin Afrilu Duja na bakin murhu tana suyar kifi, ta ba taga baya, tana ba da labarin wata amarya da ta raina mata aiki. Shadliya ta ga Lalla ta miƙe ta ja da baya, wani ɗan farin abu jiƙaƙƙe ya ɗago kai daga cikin ɓawo, ya faɗi, ya sake ɗagowa. Duja ta tambaya ba tare da ta waigo ba ko akwai wani labari. Shadliya ta ce babu, tana nan kwance dai. Ta gyara zama ta ƙara matsawa jikin tagar, ba ta faɗa ba sai da aka kwashe kifin.